Goma Sha Biyu, Babu Kowa

Zuwa ga Auta,

Bayan sallama, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ni dai lafiyar tsoho ce, yau gwiwa gobe baya, alhamdu lillahi.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Na rantse ranar Litinin bakina ba zai ƙara yi miki magana ba, amma ban rantse a kan hannuna ba. Wayar da kika saya min tana cikin gwangwanin ƙusoshi. Kin san injin yankan makulli ya cinye min kunne, in ta yi kuka sai dai in ga gwangwani yana rawa. Rubutun kuma ki yi haƙuri da shi. Ban shiga aji ba, marigayiya mahaifiyarki ce ta koya min haɗa baƙaƙe a bayan kwali. In kin ga harafi ya karkace, taurin kan ɗalibi ne, malamar ta yi iyakar yinta.

Abin da ya sa ni rubutu shi ne allo. Ranar Litinin na fito da tsintsiya kamar kullum, sai na tarar an kafa wani ƙaton allo a bakin layin shagunanmu, simintin ƙafarsa ko bushewa bai yi ba. Na tsaya na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: SHAGUNA GOMA SHA BIYU, BABU KOWA. MASU SANA'A DA MASU JARI, GARINMU NA MARABA DA KU. Na koma na bi ƙofofi da yatsa, ko an ƙara gina wani ban sani ba. Goma sha biyu ne cif, har da na shida, inda injina yake da kujerata da butata. Direban bas da zai kawo miki takardar nan shi ya ce min daga majalisar gari allon ya fito, daga teburin mai aikin jawo 'yan kasuwa. Wannan teburin kuwa naki ne.

To Auta, ni ba kowa ba ne?

Na haɗiyi abubuwa da yawa daga majalisarku. Da suka karkatar da babbar hanya ta bayan gari ba wanda ya tako ya tambaye mu, wayar gari muka yi motoci sun ɗauke ƙafa kamar an ɗauke ruwa. Fitilar bakin layi ta mutu tun kina makaranta, na yi ta zarya ofis har takalmina ya gane hanya, kullum a ce in dawo jibi. Maƙwabtana suka watse ɗaya bayan ɗaya ina kallo. Duk na ce ba komai, bare ne suka yi min. Amma wadda aka goya tsakanin shago na shida da na bakwai, ita ce za ta ƙirga ni cikin kango?

Jiya masinjanku ya zo, wai in ba shi makullan sauran shagunan. Na ce ya gaida wanda ya aiko shi.

Ki shafa min kan yaran. Su ban yi fushi da su ba.

Mahaifinki, mai shago na shida.

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Yara sun amsa gaisuwa, maigidan kuma yana ba ka haƙuri a madadina.

Baba, ba zan ɗora wa mai buga allo laifi ba. Ni na rubuta goma sha biyu, kuma na san abin da na rubuta. Wani kamfanin kayan gini yana neman wuri a ɗaya daga cikin ƙananan garuruwan da ke gefen birni, kuma layi guda yake so, a fasa bangayen tsakani a haɗe. Da na rubuta sha ɗaya da ba su ko ɗaga waya ba. Niyyata in sun amince in zo in durƙusa in roƙe ka ka koma sabon shago kusa da tasha, inda ake da jama'a. Na san na riga malam masallaci, ya kamata in fara zuwa wurinka. Tsoron amsarka ne ya hana ni.

Amma ka dubi garin nan, Baba. Da asuba bas tana kwashe mutane zuwa birni, bayan magariba ta dawo da su su kwanta. Mun zama ɗakin kwana. Ko allura mutum yake so sai ya hau mota. Yaran da suka gama makaranta ba inda za su koyi aiki, asibitinmu kuma rufinsa na yoyo saboda majalisa ba ta da abin da take tarawa. Wata biyar ina bin masu jari ofis ofis, waɗannan ne kaɗai suka yarda su zo su gani.

Ranar Alhamis za su zo. Shagunan na majalisa ne, hayar waɗanda suka tafi ta daɗe da ƙarewa, kwaɗunansu ne kawai suka rage a ƙofa. Ciyaman ya ce in ba a samu makullai ba a datse. Ba na so a yi haka a gabanka. In ba za ka ba da na hannunka ba, ka yanka mana wasu daga jikinsu, kai da aikinka ke nan.

Allah Ya huci zuciyarka.

'Yarka, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Sallama. Ina lafiya, in wannan ake kira lafiya.

Takardarki ta zo kafin Alhamis, da gangan na ƙi amsawa. Kin ce in yanka muku wasu. Ashe duk zamanki a ƙarƙashin teburina ba ki tsinci komai ba. A sana'ar nan makullin da ya zo tare da kwaɗo shi ne uwa, wanda aka yanka daga jikinsa 'ya. Ba a fitar da 'ya sai da yardar mai uwa. Mai agogo, da mai aski, da mai hoto, da Tela da muka yi shekara talatin bango ɗaya, kowannensu ranar da zai tafi a tafin hannuna ya sa makullinsa ya ce, riƙe min, zan dawo. Takardar hayarku ban san ta ba. Wannan maganar na sani.

Abin da ya faru ranar Alhamis kin gani da idonki, amma zan gaya miki yadda na gani da nawa.

Kuka zo mota biyu. Mutumin kamfani mai baƙin tabarau, da yarinyarsa mai igiyar awo, da ciyaman, da masinja riƙe da almakashin ƙarfe, ke kuma can baya kin rungume fayil kamar za a ƙwace. Ciyaman ya sunkuyo ya yi min ihu a kunne, "Baba, makullai!" Na ce, "Wane baban? Allo ya ce babu kowa. Da wa kake magana?" Yarinyar awo ta yi dariya, shi bai yi ba.

Suka datse na mai agogo. Auta, kowace Juma'a sai na bi kwaɗunan nan da mai, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya taɓa yin tsatsa. Amma ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, don riƙo aka ba ni, ba a ba ni leƙe ba. Da ƙofa ta buɗe sai tattabaru suka yo waje ta kanmu. Rufi ya rufta, ana hango sama. Na mai aski gara ta cinye kujerar, sai ƙarfen ƙafa. Na Tela ruwa ya kwanta a ciki har ya yi kore, teburin da muke cin abinci a kai ya kumbura ya tsage. Mai tabarau ya toshe hanci da hankici ya tambaye ni ko mutane na wucewa ta nan da rana. Na ce masa suna wucewa, ni da karen mai gadin makaranta. Gaskiya na faɗa, in ta ɓata muku ciniki ba ni na karkatar da hanya ba.

Ba zan ɓoye miki ba. Ashe ƙofofi nake gadi, bayansu ba komai sai ruɓa.

Suka tsallake nawa suka nufi na bakwai. Kin san na wace ce. Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta na rufe shi, zarenta da allurarta da maɓallanta duk suna ciki. Har zaren nan da ta zura ta hujin bango ta ɗaure da damin makullai a gaban injina, don in ta kira ba na ji, sai ta ja su yi rawa in san abinci ya sauka, yana nan ban kwance ba. Na yunƙura zan tashi gwiwa ta ƙi. Sai na ga kin wuce masinja kin jingina bayanki da ƙofar. Ban ji abin da kika ce ba, bakinki na karanta: ranka ya daɗe, ya isa haka.

Na gani. Ban ce na huce ba, na dai ce na gani.

Kwaɗuna biyar da aka datse na tsince su, suna cikin aljihun tebur. Me zan ce wa masu su in sun dawo?

Mahaifinki.

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Direba ya ce ya gan ka kana shara har gaban shagunan da aka datse. Don Allah ka riƙa tausaya wa gwiwar nan.

Kamfanin ya zaɓi wani gari. Ba amsarka ce ta kore su ba, rufin suka gani. Ciyaman bai yi min magana ba tun ranar, sai ta bakin sakatare. Majalisa za ta zauna ƙarshen wata, kuma abin da za a kawo gabanta shi ne a rushe layin gaba ɗaya a mai da shi wurin kwanan manyan motoci. Gaba ɗaya, Baba, har da na shida da na bakwai. Teburina ma wataƙila a ɗauke shi, amma wannan ba shi ne ke hana ni barci ba.

Na samu abu ɗaya daga sakatare: in aka samu ko mutum ɗaya ya kama shago ya buɗe kafin zaman, za a jingine maganar rusau a gyara sauran a hankali. Kuma akwai mutum ɗaya. Wata mata ce mai wanki da guga, tana da inji biyu, mijinta ya rasu ya bar mata yara uku. Ta ce garin da mutanensa ke fita da asuba su dawo da dare shi ne garin mai wanki, su ajiye kaya a hanyar tasha su karɓa a hanyar gida. Ba layi take so ba, ɗaki ɗaya take so mai rufin kirki da famfo a kusa.

Na sa an hau an duba daga sama. Daga na takwas zuwa ƙarshe duk kwanon ya huje. Rufi mai kyau biyu ne a layin nan, kuma kai ka san wanda ya riƙa hawa tsani yana like su.

Ba zan bari a datse na bakwai ba ko za a kore ni. Shagon Mama ne, ni ma uwata ce. Makullin yana hannunka, maganar ma haka.

Na nemi inda Baba Tela yake na rubuta masa. Ga amsarsa a cikin ambulan, kai ya rubuto wa.

'Yarka, Auta.

*

Zuwa ga Ƙi-faɗi, kurman na shida,

Gaisuwa da yawa. Surukata ce ke rubutawa ina faɗa, don idona ya tafi, ko raƙumi ba zan zura a allura ba balle zare. Kai ba kunne ni ba ido, da an haɗa mu da an samu mutum ɗaya mai mugun hali.

Auta ta ce har yau kana shafa wa kwaɗona mai. Kai, Allah Ya shirye ka. Ranar da zan tafi me kake so in ce maka? In dubi idonka in ce na tafi ke nan? Ai ba a faɗin haka. Zan dawo sallama ce, kamar sai an jima, kai kuma ka ɗauke ta ka rataya a ƙusa kamar hukuncin alƙali. Kekena na sayar tun shekarar farko. Mai agogo ya riga mu gidan gaskiya bara, na ɗauka ka ji. Mai hoto yana tura jikoki makaranta, ya yi tumbi.

An ce an datse nawa, sun hutar da kai. Makullin ka jefa a rijiya ko ka yi wa jikanka abin wuya, na yafe maka amanar duniya da lahira. Na tabbata sauran ma haka za su ce.

Maganar na bakwai ba zan sa baki ba. Abu ɗaya zan tuna maka: marigayiya ko zuwa salla za ta yi ba ta rufe ƙofa, cewa take shago a rufe kabari ne. Kai ka fi ni jin ta tana faɗa, lokacin kana da kunne.

Ka bar yarinyar nan ta sha iska. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Abokin faɗanka, Tela.

*

Zuwa ga Auta,

Sallama, da gaisuwa ga mutanen gidan.

Na karanta taki, na karanta ta makahon nan. Ki gaya masa ya ci albarkacin nisa. Mutum ya bar ka da jigilar mai shekara da shekaru, sannan ya ce wai sallama ce. Kuma a ce mai agogo ya rasu ba wanda ya aiko min, ni da ke riƙe da makullinsa. Wannan ma na rubuta shi a zuciyata tare da maganar fitila. Allah Ya jiƙansa.

Ranar Asabar na buɗe na bakwai. Ba don ke ba, ba don ciyaman ba. Abin da na gani a na Tela ne ya tsaya min a rai, na ce kada ita ma mahaifiyarki ya zama ƙofarta kawai nake gadi. Kwaɗon ya buɗe da murɗa ɗaya. Ɗigon ruwa bai shiga ba. Zarurrukan sun koɗe, ja ya koma ruwan ƙasa. Kujerarta tana inda take, takalminta a ƙarƙashi, ɗaya ya hau kan ɗaya yadda take cire su. Na tsaya har ƙafata ta gaji, na bar ƙofar a buɗe ɗakin ya sha iska.

Ina nan tsaye sai ga matar taki, doguwa, hannuwanta duk sabulu ya cinye. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce, "Ke ce mai injin?" Ta ce ita ce. Na ce, "Ƙara za ki cika mana layi da ita." Ta matso ta ɗaga murya ta ce, "Baba, an ce min ko tsawa aka yi ba ka ji." Ki ji min mace. Na ce ta shiga ta duba ta kama gabanta, ni ba na bayarwa. Na koma shagona na kunna inji, ba don ina da aiki ba.

Ina sunkuye ina goge wani tsohon makulli, sai na ga damin nan na gaban injina ya motsa. Ya tsaya. Ya sake rawa, sau biyu a jere, yadda take yi in abinci zai huce.

Auta, ban san lokacin da na kashe inji na miƙe ba. Har na ce, ina zuwa. Da bakina na faɗa.

Sai ga matar a ƙofata tana ba da haƙuri. Wai ta yi ta sallama za ta tafi ban juyo ba, ta ga zare a bango ya nufi wajena, ta ce bari ta gwada. Na yi mata faɗa sosai. Na ce ba a koya mata kada ta taɓa abin da ba nata ba? Ta sunkuyar da kai ta bari na gama. Sannan ta ce akwai mutum a bakin allo tun ɗazu yana neman mai yankan makulli, ya leƙo bai ga alama ba zai juya. Na leƙa, da gaske ne. Allah kaɗai Ya san nawa suka juya haka a shekarun nan.

Da za ta tafi ta ce in an ba ta ɗakin ba za ta taɓa zaren ba. Na ce wa ya ce za a ba ki? Ta ce ba kowa, Baba. Na ce to kin gani, ba kowan nan ni ne, haka aka rubuta a allo.

Ban ce na yarda ba. Kada ki je ki gaya wa sakatare wani abu.

Mahaifinki.

*

Auta,

Sallama. Ki buɗe ƙullin ƙyallen da Direba zai ba ki a hankali, kada ya faɗi.

Kayan mahaifiyarki ba masinja ne zai kwashe ba. Ki zo da kanki ranar Juma'a mu yi tare. Maganar rantsuwa, jiya na ciyar da mutum goma a tasha, kada ki tambaye ni dalili.

Zare ya zauna inda yake. Allo kuma a gyara shi kafin ki zo, goma ne. A duba fitila.

Makullin na bakwai ne, 'ya ce na yanka na aiko miki, uwar tana wurina. 'Ya takan yi gardama a murɗawar farko. Kada ki tilasta mata, ki ɗan ja kwaɗon wajenki, za ta buɗe.

Babanki.